Tarar dala biyar da iyakar ikon jiha kan lafiyar jama'a

A shekarar 1902, lokacin da cutar agana ta addabi birnin Boston da garuruwan da ke kewaye da shi a jihar Massachusetts ta Amurka, hukumar lafiya ta garin Cambridge ta ba da umarni kowane baligi ya zo a yi masa lamba. Wani fasto mai suna Henning Jacobson, haifaffen ƙasar Sweden, ya ce atafau ba da shi ba. Hujjarsa ita ce lambar da aka yi masa yana yaro ta jigata shi, kuma ai jikinsa nasa ne. Aka ci shi tarar dala 5. Maimakon ya biya ya huta, sai ya ja daga har Kotun Ƙolin Amurka. A watan Fabrairun 1905 kotun ta yanke hukunci: alƙalai bakwai suka ba jiha gaskiya, biyu suka saɓa.

Yau shekara 120 ke nan da ɗoriya, amma duk lokacin da annoba ta ɓulla a Amurka sai an tono wannan shari'a. Abin da ke ba ni mamaki shi ne kowane ɓangare rabinta kawai yake karantawa. Masu son gwamnati ta yi ƙarfi suna riƙe wurin da Mai Shari'a John Marshall Harlan ya nuna cewa 'yancin mutum bai kai ya jefa maƙwabtansa cikin haɗari ba. Su kan manta cewa a cikin hukuncin dai ya ja layi: idan doka ba ta da wata alaƙa ta zahiri da kare lafiya, ko aka yi amfani da ita don zalunci, kotu za ta shiga. Ya kuma nuna cewa ba za a fassara dokar ta yadda za a tilasta wa wanda lambar za ta cutar da lafiyarsa ba. Sannan babu wanda ya danne Jacobson ya tsaga masa hannu. Tara kawai aka ci shi.

A ganina, wannan rabin na biyu shi ne ke riƙe da na farko. Iyakar da tsarin mulki ya gindaya wa jiha ba cikas ba ce ga lafiyar jama'a. Ita ce ke sa mutane su yarda su bi umarni ranar da umarnin ya zama dole.

Da farko, me ya sa jiha, ba gwamnatin tarayya ba? Tsarin mulkin Amurka ya lissafa wa tarayya ayyukanta, sannan gyara na goma da aka amince da shi a 1791 ya ce duk abin da ba a ba tarayya ba, na jihohi ne ko na jama'a. Kula da lafiya da tsaron rayukan mazauna yana cikin wannan kaso. Shi ya sa killace mai cuta, lasisin likita, duba tsaftar gidajen abinci da sharaɗin rigakafi kafin shiga makaranta duk ayyukan jihohi ne da ƙananan hukumominsu. Tarayya takan bi ta bayan gida, galibi da kuɗi. A 1984 ta ce duk jihar da ba ta ɗaga shekarun sayen giya zuwa 21 ba, to za a rage mata kuɗin gina hanyoyi, kuma Kotun Ƙoli ta amince da wannan dabara a 1987. Amma sandar kanta tana hannun jihohi, kuma gyara na 14 na shekarar 1868 shi ne ya hana su buga ta yadda suka ga dama, domin ya wajabta musu bin ƙa'ida da daidaita mutane a gaban doka.

Mafi yawan alherin da wannan iko ya kawo ba a cikin hayaniya ya zo ba. Jihar New York ce ta fara wajabta ɗaura bel a mota a 1984, kusan dukkan sauran suka biyo sahu ɗaya bayan ɗaya. Kalifoniya ta hana shan taba a mashaya a 1998, lokacin da mutane da yawa ke ganin abin wasa ne. Hawaii ta ɗaga shekarun sayen taba zuwa 21 daga farkon 2016, sai a ƙarshen 2019 tarayya ta kwaikwaya. Bayan ƙyanda ta ɓarke daga wurin shaƙatawa na Disneyland da ke Kalifoniya, majalisar jihar ta soke uzurin "ra'ayina ne" a dokar rigakafin 'yan makaranta a 2015, kuma ƙararrakin da aka shigar ba su iya rushe dokar ba. Dukkan waɗannan ta majalisa suka bi. An yi muhawara, an yi cacar baki, an kaɗa ƙuri'a. Ba wanda ya wayi gari ya ji su a bakin gwamna.

To, ina matsalar take? Tana wurin da tsoro ya haɗu da ƙyama.

A 1900 annobar da ƙumar ɓera ke yaɗawa ta shiga San Francisco. Hukumomi suka zagaye unguwar 'yan China da igiya da 'yan sanda, ba shiga ba fita. Sai dai an ja layin ta yadda ya karkace ya bar gidajen fararen fata a waje, ko da a titi ɗaya suke. Wani ɗan kasuwa mai suna Jew Ho ya kai ƙara, kuma kotun tarayya ta soke killacewar. Dalilanta biyu ne, kuma na biyun ya fi jan hankalina. Na farko, an nuna wariya. Na biyu, tara dubban masu lafiya wuri guda tare da cutar, ba tare da ware gidajen da ta shiga ba, ba ya hana ta yaɗuwa, sai ma ya ƙara mata fili. Wato matakin da ya saɓa wa tsarin mulki shi ne kuma matakin da bai da amfani a likitance. Ba kullum haka ke faruwa ba, amma yana faruwa fiye da yadda jami'ai ke son amincewa, domin dokar da aka gina kan ƙyamar wata ƙabila ba ta bin sawun ƙwayar cuta, sawun ƙabilar take bi.

Mary Mallon, wata mai dafa abinci 'yar asalin Ireland, ta ɗanɗana irin wannan a New York. Tana ɗauke da ƙwayar taifot ba tare da ita ta yi ciwo ba, kuma mutane sun kamu ta dalilinta, wannan ba a musu. Aka tsare ta a wani tsibiri daga 1907 zuwa 1910, aka sake kama ta a 1915 bayan ta koma girki, ta zauna can har rasuwarta a 1938. Kusan shekara 26 ke nan, ba a tuhume ta da laifi ba. A cikin shekarun an gano ɗaruruwan masu ɗauke da ƙwayar irinta, suna ci gaba da rayuwarsu a gari.

Mafi muni shi ne na 1927. Jihar Virginia tana da dokar yi wa waɗanda ta kira masu taɓin hankali tiyatar hana haihuwa ta dole. A shari'ar wata matashiya, Carrie Buck, Kotun Ƙoli ta amince da dokar, alƙalai takwas da ɗaya. Hujjar da Mai Shari'a Oliver Wendell Holmes ya kafa ita ce shari'ar Jacobson: ikon da ya isa tilasta rigakafi, a cewarsa, ya isa yanke hanyar haihuwa. Daga tarar dala 5 aka yi tsalle zuwa wuƙar tiyata. Sama da mutum 60,000 aka yi wa wannan aika-aika a faɗin ƙasar, kuma sai a 2002 gwamnan Virginia ya nemi gafara. Duk wanda ke cewa kalmar "lafiyar jama'a" ta isa ta rufe bakin kotu, ya dace ya san wannan labarin. A nan kotu ce ta yi shiru a inda ya kamata ta yi magana.

Akwai kuma iyaka ta wani nau'i, wadda ba ta shafi 'yancin mutum ba, ta shafi wane ne ke da hurumin yanke shawara. A 2012, zamanin magajin gari Michael Bloomberg, hukumar lafiya ta birnin New York ta hana sayar da lemo mai zaƙi a kofin da ya wuce kusan rabin lita a gidajen abinci da silima. Niyya mai kyau ce, ƙiba da ciwon suga ba ƙaramar masifa ba ce. Amma a 2014 babbar kotun jihar ta soke dokar, ba don lemon yana da amfani ba, sai don hukumar naɗaɗɗu ce kuma ta shiga gonar zaɓaɓɓun kansiloli. Dokar ma tana da ramuka, tunda manyan kantuna ba su shiga ciki ba. A birnin Philadelphia na jihar Pennsylvania kuwa majalisar birni ce ta sa wa irin wannan abin sha haraji a 2016, kamfanoni suka kai ƙara, Kotun Ƙolin Pennsylvania ta tabbatar da harajin a 2018. Manufa kusan ɗaya, amma ɗaya ta shiga ta ƙofa, ɗaya ta haura katanga.

Na san abin da likitan annoba zai ce mini, kuma yana da hujja: cuta ba ta jiran zaman majalisa, kuma alƙali bai karanta likitanci ba. Gaskiya ne. A makonnin farko na sabuwar cuta, lokacin da ba a san kanta ba, dole a bar wa jami'an lafiya sarari su yi kuskure. Kotun Ƙoli ma haka ta yi a watan Mayun 2020, lokacin da ta ƙi dakatar da taƙaita taron ibada a Kalifoniya saboda korona. Amma a watan Nuwamban shekarar ta juya wa New York baya, alƙalai biyar da huɗu, saboda dokar gwamna Andrew Cuomo ta ƙayyade wa majami'u da wuraren ibadar Yahudawa mutum 10 ko 25 a yankunan da cutar ta yi tsanani, komai girman ginin, alhali shagunan da aka ce na dole ne ba a sa musu irin wannan adadi ba. Ana iya jayayya da kotun, domin zama awa guda ana waƙa a ɗaki ɗaya ba daidai yake da shiga shago a fito ba. Sai dai aikin gwamnati ne ta kawo wannan bayani ta kuma auna adadin da girman gini. Bayan wata takwas ana fama da cuta, uzurin "ba mu da lokaci" ya fara tsufa. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Abin da ya biyo baya ne ya fi damuna. Saboda gwamnoni sun daɗe suna mulki da umarnin gaggawa, majalisun jihohi da dama suka rama da gayya: wasu suka rage ikon jami'an lafiya na rufe wurare, wasu suka hana tilasta takunkumin fuska ko rigakafin korona baki ɗaya. An yi fushi da wanda ya riƙe sanda, sai aka karya sandar. Alhali ikon da aka datse shi ne wanda za a nema ranar da wata cutar da ta fi korona kisa ta sauka. Da tun farko an koma majalisa bayan makonnin farko an nemi doka mai wa'adi, mai bayyana ma'aunin da za a duba kafin a sassauta, mai ba wanda aka killace damar zuwa gaban alƙali da tallafin abin da zai ci, da wuya fushin ya kai haka. 'Yan majalisar ma ba su da bakin magana sosai. Da yawansu sun ji daɗin laɓewa bayan gwamna, shi ya sha zagi su kuma su tsira da kujerunsu.

Pennsylvania ta gwada wata hanya. A watan Mayun 2021 masu zaɓe suka yi wa tsarin mulkin jihar gyara: dokar ta-ɓaci da gwamna ya ayyana za ta mutu bayan kwana 21, sai idan majalisa ta tsawaita ta. Manufar ta yi mini, domin tana tilasta wa zaɓaɓɓu su fito su kaɗa ƙuri'a da sunansu. Adadin kwanakin ne nake da ja a kai. Kwana 21 shi ne tsawon lokacin da ake sa ido a kan mutum ɗaya da ya yi hulɗa da mai cutar Ebola ko ƙyanda kafin a tabbatar bai kamu ba. Ke nan wa'adin gwamna zai iya cika a daidai ranar da jami'an lafiya ke jiran su ga ko rukunin farko na waɗanda aka killace sun fara zazzaɓi, kuma a ranar ne za a buƙaci majalisar da ba ta ga maciji da gwamnan ta zauna ta amince.