Man CBD da ciwon damuwa, abin da na fahimta saboda ƙanwata

Jama'a barkanmu da warhaka. Maganar nan ta daɗe tana cina a rai, yau dai na ce bari in fitar da ita.

Ƙanwata ta kai wata takwas tana fama da ciwon damuwa, irin wanda za ka kai mata shayi da safe ka dawo bayan azahar ka tarar ya huce ko kurɓa ba ta yi ba, tana kwance ta ba ƙofa baya, in ka matsa da tambaya sai ta ce "Yaya ni fa ba abin da yake min daɗi." Likita ya ɗora ta a kan maganin damuwa mai suna fluoxetine, sati biyu shiru ba canji, sai ga wata ƙawarta da ke Ingila ta turo mata bidiyo a WhatsApp wai ga man CBD, wani sinadari da ake tatsowa daga ganyen wiwi, ɗigo kaɗan a ƙarƙashin harshe damuwa ta gudu, wai ma ta ajiye ƙwayar asibitin. Wallahi hankalina ya tashi, shi ya sa na zauna na dinga karatu har tsakar dare.

Da farko dai CBD ba shi ne yake bugarwa a tabar wiwi ba, wancan THC ne, ganye ɗaya ne amma aikinsu daban. Roger Adams ne ya fara ware CBD a Amurka a 1940, sai Raphael Mechoulam na Isra'ila ya gano tsarinsa a 1963, kuma a ɗakin bincikensa ne a 1992 aka gano ashe jikinmu da kansa yana haɗa wani sinadari, anandamide, da yake da hannu a kwanciyar hankali. Ana ganin CBD yana rage saurin rushewar wannan sinadarin sai ya ɗan daɗe yana aiki.

Amma inda ya fi jan hankalina aikin da masu bincike na Jami'ar Sao Paulo a Brazil suka yi ne. Ana ɗauko ɓera a saka shi cikin doguwar kwalba mai ruwa wadda ba zai iya fita ba, zai yi ta iyo yana kokawa, can sai ya saki jiki ya tsaya yana shawagi kawai, to wannan sakin jikin shi ake aunawa a matsayin alamar fid da rai. A 2010 suka nuna ɓerayen da aka ba CBD sun fi daɗewa suna kokawa, kusan irin waɗanda aka ba maganin damuwa na asibiti, da suka toshe wata ƙofa a ƙwaƙwalwa da ake kira 5-HT1A, wadda serotonin, sinadarin da ke da hannu a yanayin zuciya, yake bi ta cikinta, sai tasirin ya ɓace gaba ɗaya. Kenan ta nan yake bi. Daga baya su da abokan aikinsu na Jami'ar Aarhus a Denmark suka gano allurar CBD ɗaya tana ƙara wani sinadari mai suna BDNF a gaban ƙwaƙwalwa, shi wannan kamar taki ne ga jijiyoyi, yana sa su yi sabbin rassa su haɗu da juna, kuma tasirin ya zo da wuri ya kai kwana 7. Duk wanda ya taɓa zaman jiran sati huɗu zuwa shida kafin maganin asibiti ya kama jikin nasa zai gane me ya sa wannan ya taɓa min zuciya.

To amma fa ɓera ne. Ɓeran da ya daina iyo ba shi ne yarinyar da ta daina cin abinci ta daina ɗaga wayar kowa ba. Gwajin da aka yi wa mutane ƙanana ne kuma yawanci a kan fargaba ne, kamar na 2011 a can Brazil ɗin, mutum 24 masu tsoron magana a gaban jama'a, rabinsu aka ba miligiram 600 na CBD suka samu sauƙi. Hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka a 2018 ta amince da Epidiolex, wani magani da aka yi da CBD, amma don wasu nau'ikan farfaɗiya masu tsanani ne, ba ciwon damuwa ba. Sannan kwalaben da ake tallarsu a intanet ɗin nan, wani bincike da ya fito a mujallar likitoci ta JAMA a 2017 ya gwada guda 84, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai abin da ke ciki ya dace da abin da aka rubuta a jiki, 18 ma har da THC a ciki. Ga shi CBD yana iya taɓa hanta, yana kuma canza yadda jiki ke narkar da wasu magunguna har su taru su yi yawa a jini. Mu nan Najeriya kuma wiwi da abin da aka tatso daga cikinta haramun ne a doka, kada wani yaro ya karanta wannan ya ce an ce zuƙa magani ce, ban ce ba.

Ni dai ina fata binciken nan ya ci gaba, da gaske nake, domin akwai mutane da yawa da magungunan yanzu ba sa yi musu aiki. Amma na roƙi ƙanwata kada ta ajiye ƙwayarta, na ce ki yi haƙuri ki ƙara sati uku mu gani. A sati na biyar da kanta ta fito tsakar gida ta ce Umma ta yi mata kitso. Ranar Alhamis za mu koma wajen likita, na riga na rubuta maganar CBD ɗin a takarda zan tambaye shi a gabanta.