Me Ya Sa Neman Takarda a Ofishin Gwamnati Yake Mana Wuya a Kebbi?

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin gwamnati a ƙananan garuruwanmu na Kebbi don neman wata takarda ya san tambayar da ake tarbarsa da ita bayan gaisuwa: "Mi za ka yi da ita?" In ya yi inda-inda, sai ta biyu ta biyo: "Wa ya aiko ka?" Daga nan mutum ya daina tunanin haƙƙinsa, ya koma lissafin wa ya sani a wurin, kuma ɗan gidan wa ke riƙe da makullin ɗakin fayil.

Alhali doka ta daɗe da soke waɗannan tambayoyin. Ranar 28 ga Mayu, 2011, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar 'Yancin Samun Bayanai, kuma tun a sashenta na farko ta ce mai neman bayani ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Ta ba ofishi kwana 7 ya amsa, da damar ƙarin wasu 7 in takardun na da yawa. In za a hana mutum, dole a rubuta masa dalili, a ambaci sashen da aka dogara da shi, shi kuma yana da kwana 30 ya garzaya Babbar Kotu. Wanda kotu ta samu da laifin hana bayani ba bisa ƙa'ida ba, tararsa naira 500,000. Wanda ya lalata takarda ko ya sauya abin da ke cikinta da gangan, ɗaurin da bai gaza shekara 1 ba. Kuɗin da aka yarda a karɓa kuwa na buga kwafi ne kawai.

Shekaru da dama jihohi suna fakewa da cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta raba gardama a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, ta ce dokar ta shafi jihohi. Saboda haka wannan uzurin ya faɗi, a Birnin Kebbi da kuma ƙananan hukumominmu 21.

To me ya rage? A ganina abin da ya rage shi ne mafi wuya, kuma waɗanda suka tsara dokar a Abuja ba su auna shi sosai ba. A babban birni, ka miƙa wasiƙarka ga wanda bai san ka ba, ka juya ka tafi. A gari kamar Jega ko Kamba ko Yawuri, akawun da zai karɓi wasiƙar sahu ɗaya kuke tsayawa da shi a masallaci. Ma'ajin abokin mahaifinka ne, "Baba" kake ce masa. Ka rubuta kana neman sanin nawa aka kashe a gyaran rumfunan kasuwa, kafin la'asar labari ya kai gidanku cewa wane ya kai ƙarar mutane. Dattijo zai kira ka ya ce, "Ɗana, mi ya yi zafi? Bari na yi masa magana a ba ka." Wani kuma ya laƙaba maka ɗan adawa. Da kyakkyawar niyya dattijon yake magana, amma ta haka ne haƙƙi yake rikiɗewa ya koma alfarma. Alfarma kuwa mai uwa a gindin murhu take samu. Wanda ba shi da kowa sai dai a ce masa oga ba ya nan, ya dawo gobe.

Ban ɗora laifin duka a kan ƙananan ma'aikata ba. Yawancinsu an horar da su ne a kan cewa abin da ke cikin fayil sirri ne, kuma sun fi tsoron na sama da su fiye da wata doka da ba a taɓa karanta musu ba, duk da cewa dokar ta kare ma'aikacin da ya ba da bayani da zuciya ɗaya. Sannan ku leƙa inda suke aiki. Na ga ɗakin ajiya a wata sakatariya: fayil-fayil ɗaure da igiya an jibge su bisa kabad har kusa da silin, na ƙasa gara ta ci gefensu, na sama ruwan yoyo ya manne shafukansu. Babu na'urar kwafi, sai an aiki yaro shago bakin titi da takardar asali a hannunsa. Mutumin da ke zaune a nan ko yana son taimaka maka, bai san inda zai fara ba.

Mu ma masu nema muna da namu. Sau da yawa ƙofar da muke bugawa ba ita ba ce. Dokar filaye ta 1978 ta sa filin da ke cikin yankin da aka ayyana birni a hannun gwamna, don haka takardarsa tana ma'aikatar filaye ta jiha. Gonar karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar mallakarta ta gargajiya. Takardar haihuwa aikin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ne. Kwafin hukunci da na rabon gado yana wurin magatakardan kotun da ta yi shari'ar. Kada kuma a manta sai a 1991 aka cire Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, don haka tsohon fayil yana iya kasancewa can, na zamanin En'e da Lardin Sakkwato kuma a duba gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Kason da kowace ƙaramar hukuma ke samu daga asusun tarayya ma ba sai an roƙi kowa ba, ana wallafa shi a intanet wata-wata.

Kada a ɗauka wannan magana ce ta 'yan jarida da 'yan boko. Na san wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar mata marayu da 'yar gonar shinkafa a fadama. An yi rabon gado a kotu shekarun baya, takardar da aka ba ta tana cikin leda a ƙasan adaka, damina ta lalata rabinta. Da wani dangin mijin ya taso da maganar iyaka, abin da take buƙata kwafi ɗaya ne tak mai hatimin kotu. Ba ta iya rubutun boko ba, ba ta saba shiga ofis ba, ga kunyar tsayawa gaban maza. Dokar ta tuna da irinta: wanda ba ya iya rubutu yana iya nema ta hannun wani, kuma in mutum ya faɗi buƙatarsa da baki, aikin jami'in ne ya rubuta ya ba shi kwafi. Amma wa ya taɓa gaya mata?

Shawarata ga mai nema ita ce ya rubuta, ko da wanda zai ba wa ɗan uwansa ne. Ya gaisa yadda aka saba, ya ba kowa girmansa, sannan ya miƙa wasiƙa. Kada ya ce "ina son bayanin ayyuka". Ya ce yana son kwafin takardar kwangilar rijiyar burtsatse ta unguwa kaza, da sunan kamfanin, da kuɗin da aka amince, da abin da aka biya. Ya kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata ya riƙe, domin daga ranar ne kwana 7 ke fara ƙirguwa. In yana jin nauyi shi kaɗai, ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta manoman shinkafa ko ta iyayen yara ta sa sunanta. Yana da wuya a ce wa ƙungiya guda wa ya aiko ku.

Akwai masu cewa a halin tsaron da muke ciki bai kamata a riƙa buɗe takardun gwamnati ga kowa ba. Ban raina wannan damuwar ba, domin mun san abin da masu ba 'yan bindiga bayanai suka jawo wa ƙauyuka. Sai dai dokar da kanta ta keɓe abin da ya shafi tsaro, da binciken da jami'ai ke kan yi, da sirrin mutum irin na lafiyarsa. Kuɗin rufin ajin firamare ba ya cikin waɗannan, haka ma harajin da aka tara a tasha.

Inda na fi matsawa shi ne a kan shugabannin ƙananan hukumomi. Tunda tambaya tana da tsada haka ga mutumin ƙaramin gari, to a rage masa buƙatar yin ta. Sashe na 2 na dokar ya riga ya wajabta wa kowace hukuma ta bayyana kuɗin da ya shigo mata da wanda ta kashe ba tare da an nema ba, ta kuma sanar da jami'in da ake kai wa buƙata. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ciyaman ya fi kowa buƙatar jama'a su ga lissafinsa. Abin da nake nema ba ya cin kuɗi mai yawa: allo a ƙofar sakatariya, da Hausa, a boko da ajami, ɗauke da kason wata, da jerin kwangiloli da kuɗinsu, da farashin kowace takarda da ake bayarwa, da sunan jami'in da ke karɓar buƙata. A tura hoton allon ga hakimai da kansiloli, a karanta shi a rediyo. Ɗakin fayil kuma a gyara rufinsa, a sa masa kanta da na'urar kwafi a kasafin shekara mai zuwa.