Ɗumame a Ikko: tuwon ɗaya ne, daren ne ya bambanta

A gidan Bahaushe a Kano ko Katsina ko Zazzau, tuwon da ya kwana ba kuskuren awo ba ne. Da gangan uwargida take ƙara gari a tukunya, ta kwashe malmala biyar ko shida ta ajiye gefe, don ta san da safe akwai masu tafiya gona da 'yan makaranta, kuma babu karin kumallon da ke riƙe ciki har azahar kamar ɗumame da man shanu da yaji. Da yawa za su rantse maka ɗumamen ya fi tuwon daren daɗi, kuma ba ƙarya suka yi ba. Tuwon ya kama jikinsa, daddawa ta gama ratsa miya.

A nan Ikko, wato Legas, sai na ga mutanenmu sun rabu gida biyu. Akwai waɗanda suka yar da ɗumame, suna ganin ƙauyanci ne, kullum safiya sai burodin Agege da shayi ko taliyar leda, kuɗi na zurarewa, kafin ƙarfe goma yara sun fara hamma. Akwai kuma waɗanda suka ɗauko shi yadda yake a gida, suka sauke a ɗakin haya a Agege ko Idi-Araba ko Obalende ba su sauya komai ba. Na farkon asara suke yi. Na biyun su suka fi ba ni tsoro, domin abin da ke tsare tuwon kwana a Arewa ba tukunya ba ce, yanayin gari ne, kuma ba a saka shi a buhu a hau motar Legas da shi.

A Kano daren hunturu kan sauka ƙasa da digiri 15, iska a bushe har leɓe na tsagewa. Tuwon da aka rufe da faifai a tsakar gida cikin sanyi yake kwana. Ko a can ɗin ma, da bazara ta shigo iyaye mata sun san tuwo na saki, miya na yami, sai su rage na kwana. To Legas kusan kullum bazarar ce, har da ƙari. Darenta galibi tsakanin digiri 23 ne da 26, danshin iska kuma yakan haura kashi 80 cikin 100 a yawancin watanni. Ɗakin a rufe saboda sauro, mutum huɗu ko biyar na numfashi a ciki, risho ko gas a bakin ƙofa. Ga kuma lokaci. A gida ana sauke tuwo da magariba, a ci bayan isha'i, a ɗumama bayan asuba. A nan an gama girki tun la'asar, yara sun ci, maigida na can cikin cunkoso a hanyar Ikorodu ko ta Apapa, sai goman dare zai shigo. An buɗe tukunyar sau uku ko huɗu, kowa ya tsoma ludayi, kafin ma a ce za ta kwana.

Ƙwayoyin cutar da ke lalata ciki sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da 60, kuma in sun samu yadda suke so, duk minti 20 sukan ninka. Ƙwaya ɗaya a awa bakwai ta haura miliyan biyu. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a waje. A ranar da zafi ya kai digiri 32, kamar yadda ake yi a nan a Fabrairu da Maris, awa ɗaya ce.

Shinkafa ce ta fi yaudara, kuma ita muka fi ci a Legas. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa tun daga gona, a cikin wani ƙoƙo mai tauri da tafasa ba ta fasa shi. Da an sauke shinkafa ta fara hucewa sai ta farka ta hayayyafa, ta zubar da dafi. Wannan dafin ba ya jin wuta. Ko a mayar da shinkafar kasko a soya ta har ta yi ƙauri, yana nan. Ba ya wari, ba ya sauya ɗanɗano, don haka shinshinawar da aka saba yi da safe ba ta nuna komai. Alamarsa amai ne cikin awa ɗaya zuwa shida bayan an ci, sai a ɗora wa shawara ko taifot. Dafa-duka, garau-garau, tuwon shinkafa, taliya, duk hukuncinsu ɗaya: ko dai su shiga firji cikin awa ɗaya da saukewa a cinye washegari, ko kuwa a dafa daidai ciki. Gwangwanin madara ɗaya na ɗanyar shinkafa ya ishi babban mutum ɗaya. Wanda ya saba awo da mudu, ya zo nan ana sayar masa da darika da robar fenti, shi ne hannunsa ke zarcewa. Haka ledar shinkafar biki da ake dawowa da ita ranar Asabar: tun safe aka dafa ta, ta yini a kula, an ɗora mata salak mai kirim, ta sha cunkoso a cinya. In za a ci, a ci a daren. Ba ta kwana.

Babbar tukunyar miya mai nama tana da nata ciwon. Gefenta kan huce, tsakiyarta ta zauna da ɗumi har asuba, a nan wata ƙwayar daban take samun gida, ita kuma gudawa da murɗar ciki take kawowa bayan awa shida zuwa yini guda. Maganin wannan shi ne a hanzarta hucewar. A tsoma gindin tukunya a baho mai ruwan sanyi, ana juya miyar, in ruwan ya yi ɗumi a sauya. Sannan a rarraba a robobi masu faɗi, kada zurfin miyar ya wuce yatsu uku, a sa a firji ko da da sauran ɗan ɗumi. Maganar cewa sai abinci ya huce sarai kafin ya shiga firji ita ke sa a manta da shi a kan tebur har gari ya waye.

Miya ma suna suka tara. Kuka da busasshiyar kuɓewa sun fi jure kwana, muddin ba a tsoma musu cokalin da aka lasa ba. Ɗanyar kuɓewa yauƙinta na tsinkewa. Agushi da miyar gyaɗa da taushe su ne masu saurin juyawa, da safe ka ga ƙananan kumfa a sama tun ba a ɗora a wuta ba, to an gama, bola ce. Wake da alala sukan yi yami kafin kowa. Ɗanwake kuwa ko a gida ba a yi masa tanadin gobe.

A nan ya kamata mu dubi maƙwabtanmu Yarabawa, don sun riga mu sanin garin. Su miya suke adanawa, ba tuwo ba. Jar miyarsu ana soya ta cikin mai har ruwan ya ƙone, mai ya taso sama, sannan a tafasa ta da dare kafin a kwanta, a sake tafasawa da sassafe. Teba da amala kuwa ba sa kwana, minti goma an tuƙa sabo, ewedu ma, wato miyar lalo, kullum sabuwa ake kaɗawa. Mu kuma tsarinmu tuwo ne jigon kwana. A ganina wanda ba shi da firji a Legas gara ya karkata wajen nasu: ya dafa miyar da za ta kai gobe, ya tuƙa tuwo daidai na dare, da safe ya tuƙa ɗan semo ko garin masara. In kuwa za a bi hanyar tafasawar, a yi ta da ƙa'ida. Miya ta tafaso sosai har tsakiya na minti biyar, a rufe tun tana kan wuta, a kashe, kada wanda ya sake ɗaga murfin ko ya tsoma ludayi. Da asuba a maimaita. Wannan rage haɗari ne, ba kawar da shi ba, kuma kwana ɗaya ne iyakarsa. Kada a ba yaro ƙarami ko mai ciki ko tsoho ko marar lafiya daga irin wannan.

Wanda kuma ransa ke kan ɗumamen tuwo, ba a hana shi ba. Tuwon dawa da na masara sun fi na shinkafa da semo riƙe jiki. A yi malmalar ƙanana, kada a jera su da zafinsu cikin leda a cusa a kula a rufe, don gumin da ke taruwa a ledar shi ne farkon saki. A ware na gobe tun wajen kwasa, kafin hannu ya shiga, ba ragowar kwanon da aka ci ba. A bar su su sha iska rabin awa a faranti, a rufe da abin da iska ke ratsawa, sai firji. Da safe a cire leda, a yanka kowace malmala kaurin yatsa biyu. A zuba ruwa rabin kofi a tukunya ga malmala huɗu. A gida karan dawa ake jerawa a gindin tukunya don kada tuwo ya kama, a nan kara ya yi wuya, sai a kifa ƙaramin murfin ƙarfe ko a ɗora gwagwa. A rufe, daga lokacin da tururi ya taso a ba shi minti 10 zuwa 15. Gwajinsa, a soka wuƙa a tsakiyar yanka mafi kauri, a zaro a taɓa: in yatsa ya iya zama a kanta, bai yi ba. Abin da ake nema digiri 75 ne har ciki. Miyar a ƙara mata ruwa kaɗan, a kaɗa da maburgi, ta tafasa a tukunyarta daban, sannan a haɗa. Kalmar ɗumame ita kanta tana ruɗin mutane, ba ɗumi ake so ba, zafi ake so mai ƙona baki. Kuma sau ɗaya ake yi. Abin da ya rage daga ɗumame ba ya komawa firji.

Firjin ma ba a ba shi amana ido rufe. In wuta ta ɗauke, firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa huɗu. Firiza cikakkiya takan kai kwana biyu, wadda take rabi kwana ɗaya. Saboda haka a cike gurbin da ya rage da gorunan ruwa su daskare, kuma a hana yara zaryar ɗaukar ruwan sanyi. Tun Afrilun 2024 da kuɗin wutar masu layin Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, ya tashi zuwa naira 225 kowane yunit a lokacin, wasu sun ɗauki ɗabi'ar kashe firji da dare don mita ta huta. Garin neman ƙiba ke nan a samo rama, kuɗin kemis ɗaya ya cinye abin da aka tara. Akwai dabara mai sauƙi ga wanda ke yini a kasuwar Mile 12 bai san abin da wuta ta yi a bayansa ba: ya daskarar da ruwa a kofi, ya ɗora tsakuwa a kan ƙanƙarar, ya bar kofin a firiza. In ya dawo ya tarar tsakuwar ta nutse ƙasa, to abin da ke ciki ya narke ya sake daskarewa, ko da yanzu yana da tauri kamar dutse. Miya a firji mai aiki kwana uku ce zuwa huɗu. Abin da zai wuce haka a kasa shi daidai cin rana ɗaya-ɗaya ya shiga firiza, a riƙa ciro wanda za a ci kaɗai.

Kula kuwa, mutane na ɗaukarta firji, alhali aikinta riƙe zafi ne na ɗan lokaci. Mai fita aiki da biyar na asuba ya fara zuba mata tafasasshen ruwa na minti biyar, ya zubar, ya cika ta da abinci mai tururi har baki, ya ci kafin awa huɗu. Abin da ya dawo a cikinta da dare ba abincin gobe ba ne.

Wani abin da ke sa mu riƙe abincin da ya kamata a rabu da shi shi ne tsoron almubazzaranci, kuma tsoro ne mai kyau, da shi aka raine mu. Sai dai a gida saura na da inda yake zuwa. Almajiri na bakin zaure yana ko ɗan ƙanzo iya, akuya da kaji na tsakar gida. A benen Legas ba akuya, almajirin ma ba kowace unguwa ba, sai uwargida ta tsaya da tukunya a hannu tana jin nauyin zubarwa, ta ce bari dai a ɗumama. Lokacin kyautar shi ne daren, tun abincin na da zafi: ga maigadi, ga masu tura baro da masu gyaran takalmi 'yan uwanmu da ke kwana a bakin masallaci. Bai dace a jira sai ya fara juyawa sannan a tuna da su ba.

Saura ƙanzo. A Arewa ana kankare shi a baza a faifai ko a kan rufin kwano, yini biyu ya bushe ƙayau, ya yi watanni a buhu. A Legas in ka shanya shi da damina, kafin ya bushe ya yi furfura, kuma hatsin da ya yi hunhuna ba a wanke shi a ci. Rana ba za ta yi maka aikin ba sai 'yan makonnin da hazo ke leƙowa a Disamba da Janairu, don haka wuta za ta yi. Bayan an kwashe tuwo, a mayar da tukunyar kan wuta ƙasa-ƙasa ba murfi, minti 15 zuwa 20, har ƙanzon ya fara ɗagowa da kansa daga gefe. A ɓamɓare, a ƙarasa shi a busasshen kasko ana juyawa har ya riƙa karyewa da ƙara, ba lanƙwasa ba. In ya huce sarai a zuba a kwalba mai murfin da ke ɗaurewa, ba leda ba, ba buhu ba. Ranar da za a ci, a jiƙa shi da ruwan zafi ya yi laushi, a tsane, a zuba dakakken ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir da yaji da man gyaɗa cokali biyu, a kwaɗa daidai wanda za a cinye a zaman.