Ba Turancin ne babu ba, dariyar ce ta hana mu buɗe baki

Jiya a motar Samaru zuwa Kwangila na zauna kusa da wani ɗalibi yana ta maimaita jawabin da zai gabatar a aji ƙasa-ƙasa kamar mai tilawa, takardar har ta jiƙe da gumin hannunsa. Na ce ƙanena lafiya? Ya ce yaya gobe ne fa, kuma 'yan ajinmu in ka yi kwaɓa ɗaya da ita za a rinƙa kiranka har ka gama digiri.

Wallahi gaskiya ya faɗa. Yaron nan ya ci kiredit a Turancin WAEC, ya tsallake JAMB, to amma yaushe aka taɓa cewa ya tashi yai magana? Hatta jarabawar furucin nan ta WAEC da fensir ake yinta, ka duba A B C D ka shafe ɗaya ka fito bakinka alaikum. Sai an shigo jami'a rana tsaka a ce ya tsaya gaban mutum ɗari biyu yai bayani irin na ofis, ga abokai a baya sun baza kunne suna jiran ya juya P ta koma F su kwashe da dariya, alhali su ma in aka taso su haka za su yi.

Tun 1986 wata mai bincike kan koyon harshe, Elaine Horwitz, da abokan aikinta a Amurka suka rubuta cewa fargabar nan ta masu koyon baƙon harshe a aji kala uku ce, tsoron magana da mutane, tsoron jarabawa, da tsoron a raina ka. Mu dai ta ukun ce ke cinmu, don mun taso da kunya da gudun abin faɗa.

Malamai don Allah ku bar katse yaro a tsakiyar jimla saboda ya saki wani harafi, ku bari ya sauke tukun a gyara masa. A fara raba su biyar-biyar suna yi a tsakaninsu kafin a kai ga babban zaure, makin ma a ɗora mafi yawansa kan ko an gane abin da yake nufi.

Shi kuwa ƙanen nawa ce masa nai yau da dare ya ɗauki muryarsa a waya ya saurara sau uku, gobe ya nemi fuska ɗaya da ya yarda da ita a ajin ya rinƙa yi mata bayanin. A Kwangila ya sauka, har ya manta canjinsa sai da kwandasta ya ƙwala masa kira.