Gardamar gashin nama a Amurka: dalilin da ya sa na ba Teksas kambu

Idan kana son ka ga Ba'amurke ya ɗaga murya ba tare da an taɓo siyasa ba, tambaye shi wane yanki ne ya fi iya gashin nama a ƙasarsu. Nan take mutumin Teksas zai ce sauran duk wasan yara suke yi, mutumin Karolina ya ce ai su suka koya wa kowa, na birnin Kansas kuma ya ɗauko kwalbar miyarsa ya dire a kan tebur. Gashin da suke magana a kai ba irin wanda ake ɗora tsoka a kan garwashi a juya minti goma ba ne. Nama ne da ake ajiyewa nesa da harshen wuta, hayaƙin itace da zafi kaɗan-kaɗan su yi ta ratsa shi, wani lokaci daga magariba har hantsi. Ni dai a wannan gardama ina da ɓangare, kuma ba zan ɓoye ba: gashin tsakiyar Teksas ya fi, domin shi ne gashin da mai wuta ba shi da inda zai ɓoye kuskurensa.

Karolina da birnin Memfis na jihar Tennessee naman alade suka fi gasawa, wanda ba abincin Musulmi ba ne, don haka zan taƙaita a kansu. Amma tarihin abin daga can ya faro, kuma ba a tsallake su. A gabashin Karolina ta Arewa dabbar ake gasawa ɗungurungum a kan garwashi dare guda, a daddatse, a zuba ruwan khal da barkono kawai. A garin Lexington da ke yammacin jihar kafaɗa suke ɗauka, su ƙara ɗan tumatir a cikin ruwan khal ɗin. Wannan ɗan tumatir ya isa ya raba jiha ɗaya gida biyu, har rigimar ta taɓa kaiwa zauren majalisar dokokinta. Karolina ta Kudu tana da miyar mastad, wani ƙwayar yaji mai ɗan zafi, mai ruwan ɗorawa, wadda ake dangantawa da Jamusawan da suka zauna a yankin. Memfis kuwa haƙarƙari ne tutarta, busasshe da garin yaji ko jiƙaƙƙe da miya, kuma tun 1978 take shirya babbar gasar gashi duk watan Mayu.

Birnin Kansas ne fitaccen abokin hamayya. Wani baƙar fata mai suna Henry Perry, ɗan asalin Tennessee, shi ya fara sayar da gasasshen nama a can wajen 1908, yana naɗe shi a takardar jarida. Birnin yana da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na ƙasar a wancan zamani, nama iri-iri na samuwa da araha, shi ya sa har gobe ba sa zaɓe: sa, kaza, talotalo, tsiran alade, duk wuta ɗaya. Daga gidan Perry ne sana'ar ta gangaro zuwa hannun Arthur Bryant, kuma a shagonsa ne ƙonannun gefen nama, waɗanda da ake barin masu layi su tsinta kyauta, suka zama abin da mutane ke yin tafiya takanas dominsa. Wannan ƙirƙira ce ta gaske, na yarda. Inda na rabu da su shi ne miyar. Miya ce mai kauri, ta tumatir da sukari da madi, wadda tun da aka fara zuba irinta a kwalba da sunan KC Masterpiece a 1977 ta zama abin da duniya ke ɗauka shi ne ɗanɗanon gashin Amurka. Zaƙi yana rufe komai. Naman da ya bushe, naman da hayaƙi ya yi masa yawa har ya yi ɗaci, naman da aka sauke tun bai nuna ba, duk idan aka lulluɓe su da wannan miya sai su fito kusan iri ɗaya. Ƙwararrun birnin Kansas suna nan da yawa, amma tsarin nasu yana ba ragon mai gashi mafaka.

A tsakiyar Teksas babu wannan mafaka. Asalin abin daga mahauta ne, Jamusawa da mutanen Cek da suka zo a ƙarni na 19 suka buɗe shagunan nama a ƙananan garuruwa. Babu firji, naman da bai ƙare ba sai a sa shi a hayaƙi don kada ya lalace. Masu tsinkar auduga suna zuwa su saya, a yanka musu a kan takardar mahauta, su haɗa da albasa da biskit mai gishiri su ci da hannu. Southside Market a Elgin tun 1882 take, Kreuz Market a Lockhart tun 1900, kuma shekara da shekaru Kreuz ba ta ba da miya, ba ta ba da cokali mai yatsu. A ganinsu naman da ke buƙatar miya bai gasu ba.

Abin da ya zama tutarsu yau shi ne ƙirjin sa. Duk wanda ya san nama ya san wannan yanki tauri gare shi, domin shi ke ɗauke da nauyin gaban dabbar, cike yake da jijiya. A da araha ne ya sa ake sayensa. Mai gashi zai rage kitsen ya bar kauri kamar na ɗan yatsa, ya barbaɗa gishiri da masoro, shi ke nan. Sai ya sa shi a tukunyar hayaƙi, wuta a gefe guda nama a ɗaya gefen, da itacen oak na yankin wanda ke ci a hankali. Zafin ba ya wuce digiri 110 zuwa 135 a ma'aunin salshiyos, kuma aikin kan ɗauki awa 12 ko fiye. Akwai lokacin da zafin cikin naman zai kai wajen digiri 70 ya tsaya cak na sa'o'i, saboda ruwan da ke fita daga jikinsa yana sanyaya shi. A nan ake gane mai haƙuri. Wanda ya ƙosa ya ƙara wuta ya ƙona waje, ciki bai nuna ba. Gwani zai naɗe shi a takarda ko ya bar shi, ya ci gaba da sa itace ɗaya bayan ɗaya, yana kallon hayaƙin: in ya yi fari ya yi kauri, wutar ba ta samun iska, naman zai yi ɗaci, so ake ya zama siriri mai ɗan shuɗi. Sai zafin ciki ya kusa digiri 95 jijiyoyin ke narkewa su koma kamar romo. Bayan an sauke kuma sai ya huta awa ɗaya ko fiye kafin wuƙa ta taɓa shi.

Idan an yi daidai, waje baƙi ƙirin da ɓawon masoro, ƙarƙashinsa jan zobe siriri, yankan kuma in ka rataya shi a yatsa sai ya lanƙwasa bai tsinke ba, in ka ja kaɗan ya rabu. Idan ba a yi daidai ba, yankan farko zai tona asiri. Wannan ne ma'aunina, kuma da shi Teksas ta ci.

Sai dai nasarar ta zo da abin da ke damuna. Tun da Aaron Franklin ya fara sayar da ƙirjin sa a wata 'yar tirela a Austin a 2009, ya kuma ci kyautar James Beard, babbar lambar yabo ta masu girki a Amurka, a 2015, gashin Teksas ya koma abin yayi. Mutane na kafa layi tun asuba da kujerun naɗewa. A 2024 Michelin, kamfanin da ke tantance gidajen abinci a duniya, ta ba gidajen gashi huɗu na Teksas tauraronta na yabo. Naman da talaka ke saya don araha ya zama na masu hali. Yanzu har a Karolina sababbin gidajen gashi ƙirjin sa suke sayarwa a kan faranti mai shimfiɗar takarda, kamar a Lockhart. Ina son Teksas ta ci gardama, ba na son ta haɗiye abokan gardamar.

Akwai kuma rashin adalci a yadda ake ba da labarin. Shekaru ɗaruruwa bayi baƙaƙen fata ne ke haƙa rami, su kwana suna juya nama a manyan tarukan kudancin Amurka, kuma bayan 'yanci zuriyarsu ce ta riƙe sana'ar. A cikin Teksas kanta, gashin gabashin jihar na baƙaƙen fata, naman sa da ake daddatsewa a zuba miya a sa cikin burodi, yana da tushe mai zurfi, kuma yana cikin abincin bikin ranar 19 ga Yuni, ranar da aka shelanta 'yancin bayin Teksas a Galveston a 1865. A kudancin jihar kuma 'yan asalin Meziko suna da nasu, kan sa da ake naɗewa a binne a rami da garwashi. Amma hotunan mujallu sun daɗe suna nuna fuska iri ɗaya. Kyautar James Beard da Rodney Scott, wani baƙar fata mai gashi na Karolina ta Kudu, ya samu a 2018 ta ɗan rage gibin, ba ta cike shi ba. Duk wanda zai ce Teksas ta fi, ya kamata ya faɗi wace Teksas yake nufi, ya kuma ambaci waɗanda suka riga shi tsayawa a bakin wuta.

Musulmin da ya je can ya yi hattara, domin yawancin gidajen suna gasa sa da alade a tukunya ɗaya, wuƙa ɗaya, katako ɗaya. Abin farin ciki, a yankunan Dallas da Houston an fara samun gidajen gashi na halal da ke bin tsarin tsakiyar Teksas sau da ƙafa.

Idan akwai waɗanda zan yarda su yi ja da Teksas, ba Karolina ko Memfis ko birnin Kansas da ake yawan ambata ba ne. Mutanen Owensboro ne a yammacin Kentaki, waɗanda ke gasa naman tsohuwar tunkiya da itacen hikori, suna shafa masa wani ruwa mai tsami da gishiri, ba zaƙi. Al'adar ta samu gindin zama ne a liyafar coci-cocin Katolika na yankin, inda kiwon tumaki ya yawaita a ƙarni na 19. Tsohuwar tunkiya ta fi ƙirjin sa gardama, ga tauri ga ƙarni, kuma mai gasa ta ba shi da sukarin da zai fake da shi. A duk jerin da ake yi na yankunan gashi ana jefa Owensboro can ƙasa, in ma an tuna da ita, alhali ni a wurina ita ce ta biyu.