Sanarwar da ba ta kai wa Mama ba

Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga sujadar Hausa, wata uwa a Zumuntar Mata ta tare ni a bakin ƙofar majami'a. Ta ce, "Ɗana, ashe tun Alhamis aka binne mijin ƙawata? Ni ba wanda ya faɗa mini." Na rasa ta cewa, domin an sanar. An sa a guruf ɗin WhatsApp na ikilisiya, da Turanci, kuma kafin rana ta yi tsaka hotunan gaisuwar safiya sun danne sanarwar. Ita Mama ƙaramar waya ce da ita, ta kira da amsawa. Tun ranar abin yake cina a rai.

Kada a yi mini mummunar fahimta, ni mai son ikilisiya ta shiga intanet ne. Na ga amfaninsa a kullen korona na 2020, lokacin da aka rufe majami'u da masallatai. Fastonmu ya tsaya gaban kujeru babu kowa, wani matashi ya kafa waya, muka bi wa'azi ta Facebook daga gidajenmu. Ɗalibanmu da ke Zariya da 'yan'uwa masu aiki a Legas har yau ta nan suke jin gida.

Abin da ke damuna shi ne wa muke yi wa. Mun taɓa cire kuɗi daga baiko, wato abin da masu sujada ke bayarwa, aka buɗe mana shafin intanet mai kyau, da hoton ginin majami'a da jerin sunayen dattawa. Ko kalma ɗaya ta Hausa babu a ciki, alhali rabin masu zuwa sujada da Littafin Waƙoƙi na Hausa suke rerawa. Matashin da ya haɗa shi ya tafi bautar ƙasa da kalmar sirri a kansa, kuɗin sabunta adireshin na shekara ba wanda ya tuna da shi, shafin ya mutu. Ba na ganin laifin yaron. Mu manya ne muka ɗauki abin kamar kayan ado, ba mu sa shi cikin aikin sakatare da ma'aji ba.

Iyayenmu sun fi mu gane wannan. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, domin Hausa ce ke haɗa Bajju da Berom da Tangale da Bura a kan benci ɗaya, ko a ikilisiyar ECWA ne, ko ta COCIN, ko ta EYN, ko ta HEKAN. Da rediyo ya zo, sun yi shirye-shiryen Muryar Bishara da Hausa a Jos. Yau Littafi Mai Tsarki na Hausa yana cikin manhajar YouVersion kyauta. Mu kuwa da kayan aiki suka zo har tafin hannunmu, sai muka koma yi wa junanmu Turanci.

Ga kuma tsadar data. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari. Manomin da ke sayen data ta ɗari biyu ba zai kalli bidiyon sujada na awa uku ba. A ɗauki wa'azin da murya kawai, a taƙaita sanarwar mako cikin saƙon murya na minti biyu da Hausa, a ware guruf ɗaya wanda shugabanni kaɗai ke iya rubutu a ciki. Waɗanda ba su da babbar waya a raba sunayensu ga matasa unguwa-unguwa, kowa ya san tsohuwar da zai kira. Wanda ya zauna a Zamfara ko wasu sassan Kaduna da Katsina a 2021, lokacin da aka katse sabis, ya san wannan kiran da takawa da ƙafa ba abin yarwa ba ne.

Akwai abin da ya fi waɗannan tsorata ni. Mace ta kai wa fasto roƙon addu'a a kan aurenta ko cutar da take ɓoyewa, da yamma sai ga shi a guruf mai mutum ɗari uku, da sunanta. Ana gama taron tara kuɗin gini, a ɗora jerin wanda ya ba da nawa, a wannan zamani na garkuwa da mutane. Hotunan yaran makarantar Lahadi kuma kowa ɗorawa yake ba tare da tambayar iyayensu ba. Asirin da aka ba makiyayi amana ne, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Najeriya.

In za mu kashe kuɗi, ni inda nake so a fara shi ne rajistar baftisma da ta aure. A Oktoban 2014 Boko Haram ta mamaye hedkwatar ikilisiyar EYN a Kwarhi, jihar Adamawa, majami'u da yawa a arewa maso gabas suka ƙone. Littafin da ke cikin akwatin ofishin fasto kwafi ɗaya ne tak. A ɗauki hoton kowane shafi, a adana wuri biyu, kalmar sirri ta kasance a hannun mutum uku.

Zan kai maganar nan gaban dattawa a zamansu na wata mai zuwa. Mama kuwa na karɓi lambarta, daga yanzu ni zan riƙa kiranta duk ranar Asabar da yamma.