Tsufa Mai Kyau Tun Ana Ƙuruciya Ake Tanadinsa

Kakata ta wajen uwa ba ta da takardar haihuwa, kamar yawancin sa'o'inta, saboda haka da abubuwan da suka faru a zamaninta muke ƙiyasta shekarunta. Ta sha gaya mana cewa tana goyon ɗanta na huɗu lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna a 1956 aka yi mata hawan daba, kuma da wannan lissafin muka gane ta haura casa'in sosai kafin Allah Ya karɓi abinsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai game da ita shi ne yadda ta kai waɗannan shekaru tana tafiya da ƙafarta, tana gane muryar kowane jika da tattaɓa-kunne tun daga zaure. Kafin kiran assalatu ta riga ta tashi. Bayan salla da lazimi sai ta ɗauki guntuwar tsintsiyarta ta share ƙofar ɗakinta, ko da kuwa akwai 'yan mata biyar a gidan, domin ba ta yarda a karɓe mata wannan aikin ba. Kununta na safe ludayi kaɗan ne a ƙaramar ƙwarya, tuwon dare kuwa malmala ɗaya ce da miyar kuka ko ta kuɓewa, kuma sau da yawa takan rage ta miƙa wa yaron da ke kusa da ita. Idan aka matsa mata ta ƙara, sai ta ce, "Bar ni haka, cikina ba rumbu ba ne."

'Yan'uwana matasa, na fara da ita ne domin na san amsar da ke bakin da yawa daga cikinmu da zarar an taɓo maganar tsawon rai. Za a ce ajali na hannun Allah, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gadon asibiti mafi tsada yake sai ya tafi. Wannan gaskiya ce da babu mumini mai jayayya da ita. Sai dai wanda ya koyar da mu imani da ƙaddara, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne kuma ya ce wa mutumin nan ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali, kuma shi ne ya umarce mu da ribatar ƙuruciya kafin tsufa da lafiya kafin cuta. Babu wanda yake barin ƙofar shagonsa a buɗe da dare don arziki na Allah ne. To, me ya sa jiki kaɗai, wanda ba a sayen wani idan ya lalace, za mu bar shi a sake mu fake da ƙaddara?

Wasu kuma sukan ce abin a jini yake, gidan su wane daɗewa suke yi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma bai kai yadda ake zato ba. Wani sanannen bincike da aka yi a ƙasar Denmark a kan dubban tagwaye da aka haifa tsakanin 1870 da 1900 ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na bambancin tsawon rai tsakanin mutane za a iya jinginawa ga gado. Ragowar yana komawa ga yadda mutum ya rayu, da inda ya rayu, da abin da ya same shi a hanya.

Zan fi daɗewa a kan maganar ciki, domin a ganina nan ne muka fi yi wa kanmu illa. A tsibirin Okinawa na ƙasar Japan, wanda ya yi suna da yawan tsofaffin da suka kai ɗari, mutanen da suna da al'adar tsame hannu daga abinci da zarar sun ji cikinsu ya kai kashi takwas cikin goma. Abincinsu na yau da kullum a wancan lokaci dankali ne da ganyaye da waken suya, nama kuwa sai jefi-jefi. Jiroemon Kimura, Bajapanen da aka haifa a 1897 ya rasu a 2013 yana da shekara 116, wanda har yau ba a tabbatar da namijin da ya fi shi daɗewa ba, abin da yake yawan faɗa shi ne a ci kaɗan. Tsohon firaministan Malesiya, Mahathir Mohamad, likita ne da ya sake hawa mulki a 2018 yana da shekara 92, kuma ya sha ba da labarin shawarar mahaifiyarsa cewa mutum ya dakata da ci a daidai lokacin da abincin ya fara yi masa daɗi. Mu kuwa ba ma buƙatar zuwa Japan neman wannan darasi. Imam Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adi Kariba cewa ɗan Adam bai taɓa cika wani mazubi mafi sharri irin cikinsa ba, 'yan lomomin da za su tsayar da bayansa sun ishe shi, in kuwa ya zama dole, to ya raba uku: abinci, abin sha, da numfashi. Mun haddace wannan hadisi tun muna Islamiyya, amma a duba teburin mai shayi da ƙarfe goma sha ɗayan dare. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyar zai sa a dafa masa Indomie biyu, a fasa ƙwai huɗu, a haɗa masa shayi mai kauri da madarar gwangwani da sukari cokali huɗu, ya kora da lemon kwalba, daga nan kuma sai katifa. Haka gobe, haka jibi. Jikin zai yi shiru shekara goma ko sha biyar, sai wata rana a wayi gari ƙishirwa ba ta yankewa, fitsari ya yawaita, likita ya ce ciwon suga ne.

Okinawa ɗin ma ta isa ishara. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka suka kafa sansani a can, abincin gwangwani da na soye-soye ya shigo, 'ya'ya da jikokin waɗancan tsofaffi suka bar dankali suka koma kansa. A ƙididdigar shekarar 2000, mazan Okinawa, waɗanda a da suke sahun gaba a Japan wajen tsawon rai, sun sauko zuwa na 26 a cikin jihohin ƙasar 47. Jininsu bai canja ba, tukunyarsu ce ta canja. Ina jin tsoron irin wannan a gare mu, domin gero da dawa da wake da zogale da rama da daddawa, waɗanda suka riƙe kakanninmu, yanzu wasu daga cikinmu kallon abincin ƙauye suke yi musu.

Gishiri ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma sinadarin ɗanɗano na dunƙule da muke jefa huɗu ko biyar a tukunya ɗaya yawancinsa gishiri ne. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Mutum yana iya yawo da shi shekaru yana jin kansa garau, har ranar da zai yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, a fara cewa jifa ne ko iska. Awon jini bai kai minti biyar ba, kuma ana yin sa a kusan kowane kemis da ƙaramin asibiti.

Maganar motsa jiki ba ta buƙatar dogon bayani. A tsaunukan Sardiniya ta ƙasar Italiya, inda maza ke kaiwa ɗari fiye da yadda aka saba gani a wasu wurare, yawancin tsofaffin makiyaya ne da suka shafe rayuwarsu suna hawa da gangara bayan tumaki. Kimura da ya bar aikin gidan waya sai ya koma gona har ya kai casa'in. Abin da masana ke nema daga babban mutum shi ne minti 150 a mako na tafiya mai ɗan sauri ko makamancinta, amma yau sai ka ga matashi ya tsayar da ɗan acaɓa don zuwa masallacin da ake jin kiran sallarsa daga tsakar gida.

Sai taba da danginta. A 1951 wani likita mai bincike a Ingila, Richard Doll, da abokin aikinsa suka fara bin rayuwar likitocin Ingila fiye da dubu talatin, suka ci gaba har shekara hamsin. Sakamakon ya nuna cewa mai shan sigari yana rasa kimanin shekara goma idan aka kwatanta shi da wanda ba ya sha, amma wanda ya daina yana ɗan talatin yakan tsira daga kusan dukkan wannan asara. Wannan albishir ne ga ƙanina da ya riga ya fara, domin ƙofar komawa a buɗe take. Shisha da ake yi wa kwalliya da ƙamshin tuffa taba ce, ruwan da hayaƙin ke ratsawa ba ya wanke gubar. Tiramol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta haramta sarrafawa da shigo da shi a 2018, da haɗe-haɗen ƙarin kuzari da ake sayarwa a bakin tasha ba tare da sanin abin da ke ciki ba, duk a kan ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa suke sauka. Na san wani zai kawo mini Jeanne Calment, Bafaranshiyar garin Arles da ta rayu daga 1875 zuwa 1997, shekara 122, wadda aka ce tana ɗan busa sigari har ta wuce ɗari. Haka ne, amma ita ɗaya ce tak a tarihi aka tabbatar ta kai waɗannan shekaru, kuma mai hankali ba ya shiga rijiya don ya ji labarin wani da ya faɗa ya fito da rai. Ita ɗin ma tana hawan keke har kusan shekara ɗari, kuma waɗanda suka san ta sun shaide ta da rashin ɗaukar damuwa.

Wannan ya kawo ni ga zuciya, wadda nake ganin ita ce rabin al'amarin. Tun 1938 jami'ar Harvard ta Amurka take bin rayuwar ɗaruruwan maza daga samartaka har tsufa, ana auna jininsu, ana tambayarsu halin gida da na aiki. Abin da ya fi fitowa fili shi ne waɗanda suke da kyakkyawar alaƙa da iyali da abokai a tsakiyar rayuwarsu su ne suka fi lafiya da suka tsufa. Tsofaffin Okinawa ma suna da ƙananan ƙungiyoyi masu kama da adashenmu, inda ake tara kuɗi, ana haɗuwa a kai a kai, ana cigiyar wanda ba a gani ba. Bukhari da Muslim kuwa sun ruwaito daga Anas cewa wanda yake son a yalwata masa arziki a kuma jinkirta masa ajali, to ya sadar da zumuncinsa. Malamai sun yi bayani a kan ko ƙarin kwanaki ake nufi ko albarkar da ke cikinsu, kuma kowanne aka ɗauka riba ce.

Na ga wannan da idona a wurin kakata. Akwai wata 'yar'uwarta da suka sami saɓani a kan gadon gona, maganar ta yi zafi har 'ya'yansu suka daina gaisawa. Ana cikin haka aka ce matar ba ta da lafiya. Kaka ta ɗaura mayafi, ta ƙulla goro biyar a gefen zane, ta sa ni na riƙe mata hannu muka taka har unguwarsu. Da muka shiga ba ta ta da maganar gona ba ko sau ɗaya. Ta zauna a bakin gado, ta ce, "Yaya, ya jikin?" ta shafa mata man zafi a ƙafa, suka yi ta hirar mutanen da suka riga mu gidan gaskiya har la'asar. A hanyar dawowa na tambaye ta ko ta manta abin da aka yi mata. Ta ce ba ta manta ba, amma ba za ta kwana da gawayi a ƙirji ba alhali wadda ta hura shi tana barcinta. Mu a yau muna da lambobin mutum ɗari biyar a waya, muna kwana muna musu da baƙi a Facebook har jijiyar wuya ta tashi, amma gwaggonmu da ke bayan layi sai Salla take ganinmu. Zumunci a ƙafa yake, kuma saƙon gaisuwar Juma'a da ake turawa mutum hamsin a lokaci guda bai maye gurbinsa ba. Da wani ya nemi wasiyya wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ce masa ya yi kada ya yi fushi, ya kuma maimaita masa.

Wani hali da na lura da shi a wurin masu dogon kwana shi ne ba sa rasa abin da zai tashe su da safe. Jimmy Carter ya bar fadar shugaban Amurka a 1981, ya rayu har Disambar 2024 yana da shekara 100, kuma yawancin shekarunsa na bayan mulki ya ƙarar da su ne a yaƙi da cututtuka irin su kurkunu, wadda ta daɗe tana kwantar da manoman ƙauyukanmu a tsakiyar damina, har aka tabbatar da Najeriya ta rabu da ita a 2013. Ya wuce casa'in yana riƙe guduma yana taya gina wa marasa galihu gidaje. Matashin da ya saba kwana har hantsi, ya yini a majalisa, ya raba dare a kan waya, tun yanzu yake koya wa jikinsa da zuciyarsa zaman da zai kwantar da shi da wuri.

Ban manta da halin da ake ciki ba. Matsakaicin tsawon rai a Najeriya bai kai shekara 60 ba, a Japan kuwa ya haura 80, kuma babban dalilin wannan tazara shi ne mutuwar ƙananan yara da mata wajen haihuwa, da zazzaɓin cizon sauro, da rashin ruwa mai tsabta, da haɗuran hanya, da asibitocin da babu magani. Wannan nauyi ne a wuyan hukuma, kuma wajibi ne mu ci gaba da neman haƙƙinmu. Amma akwai abin da ke hannunmu wanda ba ya jiran kasafin kuɗi: a kai yaro rigakafi, a kwana cikin gidan sauro, a sa hular kwano a kan babur, a raka mace awon ciki, a daina sayen ƙwayoyi barkatai ana haɗiya ba tare da ganin likita ba.

A makon da kakata za ta rasu, ƙafa ta riga ta ƙi, sai ta sa aka fito da ita tsakar gida aka jingina ta da bango. Ta kira jikokinta mata ta nuna musu yadda ake tsince wake, ta tambayi labarin maƙwabciyar da ta haihu, ta sa aka kai mata sabulu da turmin atamfa daga cikin akwatinta. Da daddare aka kawo mata tuwo, ta ci loma uku, ta tura kwanon gaban ƙaramin tattaɓa-kunnenta, ta nemi ruwan alwala.